Akwatin Glendarra

Mazauna benen nan na Mount Hope, a yankin Bronx na birnin New York, sun san abu biyu game da Likita Yonatan. Na farko, in ya hawo matakala zuwa hawa na biyar, kada ka gaishe shi sai ya gama haki. Na biyu, kada ka kuskura ka ambaci Scotland a gabansa. Inusah ne kaɗai ke taka doka ta biyun, maƙwabcinsa ɗan Kumasi mai tuƙa tasi, shi ma don Allah bai ɗora masa kunya ba ne. Duk safiyar da suka haɗu a bakin ƙofa sai ya cire hula ya rusuna.

"Ei, Onarabul! An tashi lafiya? Yaya majalisa?"

"Majalisar ɓeraye na gaishe ka," Likita kan ce, ya wuce abinsa.

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Mutumin Pankshin ne, likitan dabbobi na gaske, wanda ya yi shekaru yana zura hannu har kafaɗa cikin saniya yana juya ɗan maraƙi. Amma takardunsa ba su ci a Amurka ba. Ya zauna jarrabawarsu sau ɗaya ya faɗi, bai sake samun ƙarfin zama ba. Yanzu kullum jirgin ƙasa mai lamba huɗu ke kai shi wani ɗakin bincike a Manhattan, can ƙarƙashin ƙasa, inda yake ciyar da fararen ɓeraye yana canza musu garin katako. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Shekara goma ke nan yana haka.

To, ga abin da ya faru, don kada ka ce dattijon ya cika riƙo ba dalili.

Can arewacin Scotland akwai wani kwari tsakanin duwatsu, ana ce masa Glendarra. Tumaki sun fi mutane yawa, ruwan sama kuwa ya fi tumakin. Nan Yonatan ya zauna da matarsa Abigel da 'yarsu Nankling, shi kaɗai ne likitan dabbobi a kwarin da na kusa da shi. Duwatsun sun tuna masa da gida, sanyin ma bai dame shi ba. Babu garken da bai shiga ba, babu karen da bai san takunsa ba. A shekarar 1987 aka ce za a rufe kasuwar shanun yankin, ran Likita ya ɓaci, ya yi ta faɗa a taro har aka sa shi a jarida. Da zaɓen majalisar London ya matso, sai ya tsaya takara shi kaɗai, ba jam'iyya. Dokar ƙasar ta yarda ɗan Najeriya mazauni ya yi zaɓe, ya kuma tsaya.

Ba haukan banza ya yi ba, ya yi lissafinsa. Mazaɓar faɗi gare ta, kuma kowa ya san yadda take rabuwa. Masunta na bakin teku suna bin masu neman 'yancin Scotland. Masu manyan filaye da 'yan kantunan gari 'yan jam'iyyar Tori ne tun haihuwa. Ma'aikatan masana'antar da ke bakin tafki na Leba ne. 'Yan Libaral kuwa suna tsintar abin da ya rage nan da can. Da yake an yayyaga ƙuri'u gida huɗu, duk wanda manoman kan tudu suka jingina gare shi, shi ke wucewa. Su kuwa manoman tudu an ce mutum suke zaɓa, ba ruwansu da jam'iyya. To wane mutum suka sani kamar Likita? Har jaridar yankin ta rubuta cewa likitan shanu na iya ba da mamaki.

Ya bi gida gida. Duk inda ya shiga sai a ɗora buta a wuta, a fito da kofunan da ba a taɓawa sai ranar baƙi, a yanka masa kek. Ya yi bayaninsa, maigida ya gyaɗa kai, uwargida ta ƙara masa shayi. A Pankshin in ka je neman goyon bayan mutum ya zaunar da kai ya ciyar da kai, magana ta ƙare, ya zama naka. Wanda ba ya yi da kai, a tsaye zai sallame ka. Haka Yonatan ya riƙa dawowa gida da ciki cike da shayi yana gaya wa Abigel, "An gama. Wannan gidan ma namu ne."

Gidan da ya fi shan shayi shi ne na Murdo, wani dogon manomi mai ƙarancin magana, amininsa na ƙut da ƙut. Ranar zaɓen ma a garken Murdo ya wuni, karsana ta ƙi haihuwa. Da ya ciro ɗan maraƙin ya fita a gurguje don ya jefa tasa ƙuri'ar, har ya manta jakar kayan aikinsa rataye a ƙusa.

Washegari aka yi ƙidaya, don sai an jira akwatunan tsibirai sun iso a jirgin fito. Ana barin 'yan takara su tsaya su kalli yadda ake zazzage kowane akwati. Yonatan ya je ya tsaya daidai teburin akwatin Glendarra, da sabuwar kwat, yana murmushi. Aka zazzage, aka fara warware takardu a gabansa. Wallahi ƙuri'un da ya gani da alama a gaban sunansa, yatsun hannu biyu sun isa ƙirga su. Sauran duk sun tafi ga wani lauya ɗan Libaral, mutumin da bai san gaban tunkiya da bayanta ba. Kafin kaka ta shigo Likita ya tattara iyalinsa ya bi ƙanin matarsa New York. Bai yi sallama da kowa ba, jakar ma bai koma ɗauka ba.

Abin da bai yi lissafinsa ba shi ne 'yarsa. Nankling ta girma a Bronx, amma da ta tashi karatun aikin jinya sai ta ce Scotland za ta koma. Ya yi faɗa, ya yi shiru, ya ƙyale. Can ta sake haɗuwa da Calum, ɗan Murdo, wanda suka yi firamare tare. Yanzu ga shi ta zo hutu a watan Afrilun 1997 da labari: Calum da ubansa suna otal a Manhattan, sun zo neman aurenta yadda ake yi a gida.

"Ɗan wa?" Likita ya tambaya, ko da yake ya ji sarai.

"Baba, ka san ɗan wa." Da Turanci ta amsa, kamar kullum. Tana jin Hausa tsaf, amma rabon da ta mayar da ita tun tana 'yar ƙarama.

"Duk mazan duniya sun ƙare ne? Ga 'ya'yan mutane a coci, ga ɗan fasto mai karatun lauya."

"Lauya kuma?" Abigel ta ce daga kicin. "Na ɗauka kun ɓata da lauyoyi."

Bai kula ta ba. Ya zauna ya cire takalmi, ya daɗe yana murza ƙafa, sannan ya ce, "Su zo. Tambaya ɗaya zan yi wa uban. Ya dubi idona ya gaya mini wanda ya zaɓa ran nan. In ya faɗa, ni ma in ba da tawa amsar."

"Ka san ba zai faɗa ba."

"To ni ma ba zan faɗa ba."

Nankling ba mai kuka ba ce, halin ubanta ta ɗauko. Ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, ba zan shiga coci da kowa ba sai da albarkarka, wannan na yi alkawari. Amma aikina yana can, rayuwata tana can, zan koma ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Abin da ban sani ba shi ne ko zan riƙa dawowa."

Maganar ta soke shi, amma ya yi kamar bai ji ba. Ita kaɗai ce Allah ya ba su.

Ranar Asabar da rana baƙin suka zo. Abigel ta tashi tun safe ta yi gwaten acca da naman riɗi, ta aro kujeru biyu a maƙwabta. Inusah ne ya ɗauko su a tasinsa, kuma kafin su iso titin Grand Concourse ya riga ya naɗa kansa wakilin ango, wai ai ba a zuwa neman aure ba mai magana. Lif ya lalace kamar yadda ya saba, don haka sai da aka daɗe ana jin takunsu a matakala. Inusah ya fara shigowa da babbar riga. Bayansa Calum, jan saurayi mai manyan kunnuwa, yana ta sunkuyar da kai. Can daga baya Murdo ya shigo yana dafa bango, da wani ƙunshi a hammata.

Yonatan ya shirya wa wannan rana fuska tun shekara goma, amma da ya ga mutumin sai fuskar ta nemi ƙwace masa. Murdo ya tsufa ƙwarai. Dogon nan ya ranƙwafa, kwat ɗin ta yi masa yawa.

"Likita," Murdo ya ce da Turancinsa mai kauri.

"Murdo."

Iyakar gaisuwar ke nan. Aka zauna. Inusah ya gyara murya ya fara, rabi Hausar zango rabi Turanci, wai sun ga wani fure a gidan nan, sun zo da ladabi, yaronsu ba ya sha ba ya caca, shi shaida ne, alhali yau ya fara ganin yaron. Abigel ta kawo shayi don ta san mutanenta. Likita ya bi butar da harara.

"A bar shayin nan tukuna," ya ce. "Na sha wanda ya ishe ni har in mutu. Murdo, na ji abin da ya kawo ku. Yaronka ba ni da matsala da shi, a gabana aka yaye shi. Kai nake tambaya. Ranar da na wuni a garkenka da jini har gwiwar hannu, da ka wanke hannu ka tafi rumfar zaɓe, wa ka zaɓa?"

Murdo ya dubi kofin da ke gabansa. "Ba zan gaya maka ba."

"Don kunya?"

"Don ba a faɗa."

"Ni amininka ne, ko ba haka ka ce ba?"

"Matata ta rasu bara waccan," Murdo ya ce a hankali. "Mun yi shekara arba'in tare. Ba ta san wanda na taɓa zaɓa ba, ni ma ban san nata ba."

Abigel ta dafe ƙirji, don ba su ji rasuwar ba. Likita ma ya ji abin, ya yi masa ta'aziyya a taƙaice, amma mai riƙo ba ya sakin igiya don an yi mutuwa.

"Ka ga mu a Najeriya," ya ce, "ko ba mu iya komai ba, 'yan shekarun baya an yi zaɓen bin layi. A kafa hoton ɗan takara, mai sonsa ya je ya tsaya a bayansa da rana tsaka, kowa na gani. In maƙwabcinka ya ƙi ka, ka gan shi da idonka a layin wani. Wannan shi ne zaɓen mutane masu gaskiya. Ba a ba ka kek da dama a soke ka da hagu ba."

"Mu ma mun yi irinsa," Murdo ya ce. "Zamanin kakan babana a fili ake faɗa, wakilin mai ƙasa na zaune yana ji. Ya faɗi sunan da ba a so. Kafin sanyi ya shigo an yaye masa rufin ɗaki, da mata da 'ya'ya. Tun daga ranar da aka ba mu labulen rumfar zaɓe, babu ɗan gidanmu da ya sake buɗe baki. Ba zan zama na farko ba, Likita, ko don Calum."

Calum ya yi ja har wuya. Nankling, da ke tsaye a bakin ƙofar kicin, ta juya ta ɗauko kwat ɗinta daga kan ƙugiya ta riƙe a hannu. Inusah ya buɗe baki zai yi sulhu, ya duba fuskokin, ya mayar da bakinsa ya rufe. Karo na farko ke nan a tarihin benen.

"To shi ke nan," Likita ya ce. "Kun sha hanya."

Murdo ya gyaɗa kai, ba gardama. Ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu zai miƙe. A nan ne idon Yonatan ya sauka a kan hannuwan.

Ya san hannuwan nan kamar nasa. Faskararru ne, masu tsaga a kowace gaɓa, kuma duk bazara sukan rine da ruwan aidin da ake shafa wa cibiyar 'yan tumaki, launin ba ya fita sai tsakiyar shekara. Yanzu ga su fari fat, sumul, farce a yanke kamar na akawu. Sai kuma ya tuna watan da ake ciki. Afrilu! Lokacin haihuwar tumaki, lokacin da manomin Glendarra ba ya zuwa ko jana'izar ɗan'uwansa sai ya bar wani a garke yana leƙe. Shi kuwa wannan ga shi a Bronx da kwat.

"Dakata," ya ce. "Murdo, wa ka bar wa tumakin?"

Murdo ya koma ya zauna.

"Babu tumaki."

"Shanun fa?"

"Su suka fara tafiya."

Da ƙyar, kamar ana zare masa ƙaya, labarin ya fito. Bayan tafiyar Likita ba a sake samun likitan dabbobin da ya zauna a kwarin ba. Wani yaro ya zo ya yi sanyi ɗaya ya gudu. Likita mafi kusa sai an yi tafiyar rabin wuni, in ya iso sau da yawa sai dai ya taya jan gawa. Aka rufe kasuwar shanun ma, duk da lauyan ya yi jawabi mai daɗi a kanta a London. Shekara ta yi muni sau biyu a jere, Murdo ya sayar. Yanzu wani kamfani ya dasa itatuwa a tudun, layi layi, ko tsuntsu ba ya sauka. Gidaje da yawa sun bi sahu. Makarantar da Nankling da Calum suka yi ta zama wurin ajiye kwale-kwale.

Yonatan ya tambayi garkuna ɗaya bayan ɗaya, da sunan masu su, har da sunan wasu shanun. Kusan duk amsar ɗaya ce. Ya daɗe yana tsammanin ranar da zai ji Glendarra ta ga abin da ya ishe ta zai ji sanyi a ransa. Ga ranar ta zo, ba abin da ya ji sai baƙin ciki.

"To don me?" ya ce. "Kun san haka za ta faru in babu likita. Don me kuka wulaƙanta ni?"

"Wanda na zaɓa ba zan faɗa ba," Murdo ya ce. "Amma yadda Glendarra take zaɓe ba asiri ba ne, yaro ma ya sani. Na ɗauka kai ma ka sani." Ya juya kofin a kan faranti. "London nisa gare ta. Wanda ya tafi, ya tafi ke nan, sai dai a gan shi lokacin bikin nunin dabbobi yana raba kyauta. Don haka tun kakanni, wanda muke aikawa shi ne wanda za mu iya kwana babu shi. Lauya, ko ɗan mai ƙasa, ko malamin da ya ajiye aiki. Ba mu taɓa aika maƙeri ba. Ba mu taɓa aika ungozoma ba."

Likita ya zuba masa ido.

"Da farko ba wanda ya damu, an ce Likita na huce haushinsa ne. Sai jarida ta ce kana iya ci. Ranar nan na ga tsoro a kasuwa. Ba a yi taro ba, ba wanda ya ce wa wani komai. Kowa dai ya shiga bayan labule shi kaɗai, ya tuna saniyarsa."

"Ba wanda ya iya buɗe baki ya ce mini, Likita kada ka tsaya, muna bukatarka?"

Murdo ya dube shi da mamaki na gaske. "A ce wa mutum haka a cikin idonsa? A gidanka, yana baƙonka? Ai rashin ɗa'a ne. Mun ɗauka za ka yi fushin sati biyu ka dawo."

Ya kwance ƙunshin da ya shigo da shi ya ɗora a tebur. Jakar ce. Fatar ta yi baƙi tana sheƙi, ba tsaga ko ɗaya, alamar duk shekara ana shafa mata mai.

Kai, duniya! Yonatan ya rasa dariya zai yi ko ihu. A garinsu wanda ya fi kowa amfani shi ake turawa gaba, shi ne girmamawa. Su kuma waɗannan sai su ɓoye shi kamar hatsin iri. Shi ya karanta shayinsu da idon Pankshin, su sun auna fushinsa da mudun Glendarra, kowa ya tafi da tabbacin ya fahimci ɗan'uwansa. Shekara goma! Ga mai tumaki ba tumaki, ga likitan shanu yana wa ɓeraye shara. Ba wanda ya ci zaɓen nan sai lauya.

"Har yanzu shi ne?" ya tambaya.

"Shi ne. Wata mai kamawa ma akwai zaɓe, zai koma. Ba abin da yake tsare wa kowa."

Wani tunani ya faɗo wa Likita. Ya tuna 'yan ƙuri'un nan da ya ƙirga a kan yatsu, waɗanda shekara goma yana raba su: wannan tawa, wannan ta matata, sauran ko na wa? Ya tuna dogayen dararen sanyi, da mace ita kaɗai da yarinya a gidan da ke ƙarshen hanya. A hankali ya juya ya dubi Abigel.

"Maman Nankling. Ke fa?"

Abigel ta ci gaba da goge cokalin da ke hannunta da bakin zane.

"Ni ma a Glendarra na yi zaɓe, Baban Nankling," ta ce. "Ba a tambaya."

Inusah ya toshe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Likita bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ƙarfin faɗan ne babu. Ya jawo jakar ya ɗora a cinya, ya shafa maɗaurin da babban yatsa, bai buɗe ba.

Da ya ɗago sai ya ga 'yarsa. Ta riga ta saka kwat ɗin, ta ɓalla maɓallai har wuya, tana jiran a gama ta raka baƙi ƙasa. Fuskar nan da ta ɗaure, ya san ta. Ita ya gani a madubi ranar da ya dawo daga zauren ƙidaya da sabuwar kwat. Mutanen Glendarra sun yi tsammanin fushin sati biyu ne. Shi kuwa ya fi kowa sanin tsawon fushin gidansu.

"Murdo," ya ce, "ka ga yarinyar can? Ita ce wadda ba zan iya kwana babu ita ba. Tun da ta tafi karatu ban yi barcin kirki ba, uwarta shaida ce. Da irin zaɓenku zan yi, da na ce a'a, in ba ku gwate ku ci, in raka ku bakin matakala da fara'a."

Ya numfasa.

"Na ga inda wannan zaɓen yake kai mutum. Ku zo nan, ku biyun."

Nankling ba ta motsa ba sai da uwarta ta tura ta. Suka durƙusa a kan dardumar da ta koɗe, Calum ya buge tebur da gwiwa har shayi ya zube. Likita ya ɗora hannu a kan kowannensu ya fara addu'a da Hausa, Ubangiji ya sa musu albarka, ya kiyaye fitarsu da shigarsu. A tsakiya muryar ta ƙi, Abigel ta karɓa ta ƙarasa. Inusah ya shafa fatiha abinsa, ya ce amin da ƙarfi fiye da kowa.

"Sharaɗi ɗaya," Likita ya ce wa Murdo da ya samu murya. "Ranar da kuka ga tana shirin barinku, ku buɗe baki ku gaya mata kuna sonta. Kada ku ba ta shayi."

"Zan gwada," Murdo ya ce, kuma daga ganin fuskarsa ka san ba ƙaramin alkawari ya ɗauka ba.

Aka ci gwate, ya huce amma an ci. Da yamma ta yi baƙin suka tashi, Inusah na gaba yana lissafa wa Calum akuyoyin da za a nema. Likita ya tsaya a saman matakala da jakar a hannu, yana jin takunsu na sauka hawa bayan hawa. Jibi Litinin, ɓeraye na jiransa, wannan ba abin da ya canza. Nankling ce ta ƙarshe. Ta sauka 'yan matakai, ta tsaya, ta ɗago kai.

"Baba," ta ce, "zan zo Kirsimeti. Kowace shekara zan zo."

Sai da ya ɗan jima kafin ya gane abin da ya sa maganar ta yi masa wani iri. Da Hausa ta faɗa, karkatacciya, irin ta yarinyar da ta bari a firamare.

"To," ya ce. "Ki zo da takalmi marar tsini. Lif ɗin nan ba gyara shi za a yi ba."

Ya tsaya nan har ya ji ƙofar ƙasa ta rufe, sannan ya zauna a kan matakalar ya rungume jakar, ya yi kukan da ya ƙi yi a zauren ƙidaya.